Na Kwance Rantsuwar da Na Sa Ka

Tandabawi, Makka
3 ga Shawwal, 1368

Zuwa ga yayana Lurwanu a Bur Sudan,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa kana lafiya kai da iyali, ya ƙara wa sana'a albarka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da girma na koya, kuma wannan magana ba ta bai wa wani ya rubuta ba ce. Inna tana nan da sauƙi, sai ƙafar da ke kumbura in ta daɗe zaune. Kawu Wada idonsa na hagu ya rufe gaba ɗaya. 'Yata Maimuna lafiyarta ƙalau a jiki, amma ta daina cin abinci sosai. Ni kuwa ga ni nan dai.

Yaya, auren ya mutu tun Rajab. Tun daga ranar Abdulganiyyu bai aiko wa 'yarsa ko ƙwayar shinkafa ba, ya ce mai son ci ya zo gidansa ya ci. Da ƙosan da nake soyawa muke rayuwa. Na kai ƙara mahkama, wato kotu, kan ciyarwa, sai ya juya maganar, ya ce yarinya ta kusa cika bakwai, a ba shi abarsa. Ni na ɗauka kamar a gida ne, 'ya mace tana hannun uwa har aure. Alƙali ya ce a nan in ta kai bakwai uba ke ɗauka, sai fa in an tabbatar zai cutar da ita. In an tabbatar, za ta zauna wurina, a tilasta masa ciyarwa, kuma ba shi da ikon ɗaukarta.

Na nuna hannuna da ya karkace, na nuna tabon goshin Maimuna. Aka kira maƙwabta huɗu, dukansu suka ce daga matakala na faɗo da goyo, da bakina na gaya musu. Ba ƙarya suka yi ba. Na shekara biyar ina ba da labarin nan, har da yadda takalmina ya zame. Mukhtaru mai kawo mana ruwa ya tsaya ya faɗi abin da ya gani, Allah ya saka masa, amma alƙali ya ce shaida ɗaya bai isa ba.

Saura kai. Kai ka shigo ka tarar da taɓarya a hannun Abdulganiyyu, kai ka kai ni wurin maɗori. A hanya na riƙe rigarka na hana ka komawa kansa, na sa ka dafa Alƙur'ani cewa ba za ka faɗa wa kowa ba, ko Inna. Ina ganin asirin aurena nake rufawa. Na san halinka, za ka mutu da maganar nan a ciki. Shi ya sa na tambayi malamin unguwarmu, ya ce rantsuwar da za ta cuci yarinya karya ta ya fi, a yi kaffara. Ni zan dafa abincin mutum goman da hannuna, a madadinka, in ka yarda.

Ka je gaban alƙalin wurinku ka faɗi abin da ka gani, a rubuta a buga hatimi, ka ba amintacce cikin alhazan da za su haye zuwa Jidda. An sa mana ashirin ga Zulƙida. Don Allah ta iso kafin ranar.

Inna da Kawu suna gaishe ka. Ka gai da Yaya Fatsuma da su Dawuda. Jiya Maimuna ta tambaye ni ko da gaske faɗuwa muka yi. Na ce mata a'a. A gidan nan ita na fara gaya wa. Ni na ɗaure bakinka, Yaya, yau na kwance.

Ƙanwarka,
Saudatu