Ragon Nowel Da Na Yanka Da Hannuna

Gaisuwa ga mai kula da wannan shafi da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, kamar yadda nake yi wa takardun ɗalibaina.

Na karanta tarihin dauloli da dama, na gano cewa zaman lafiyar duniya bai dogara ga sarakuna ba, ga kwanon da ake miƙawa ta kan katanga ya dogara. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Dakoro, Kirista, gidana kaɗai ne na Kirista a layinmu. Shekara goma sha bakwai, duk Nowel, wato Kirsimeti, nakan sayo rago a kasuwar Sabon Maci, maƙwabcina, bari in kira shi Malam Isufu, ya zo da wuƙarsa ya yanka da bisimilla, don kowa ya ci ba shakka. Da layya kuma cinya guda tamu ce. Shi ya ɗauki matata a amalanke zuwa likita ranar da naƙuda ta zo da gardama. Wane irin ɗan'uwa ne ya fi wannan?

Bana wani mai wa'azi ya sauka unguwar, ya yi mako yana bayani a kan abincin bikin Kirista. Yaran da na koya wa karatu suka fara tsallake inuwar ƙofata. Na haƙura, na ce ai ina da Isufu. Ranar jajibiri na je na same shi yana gyaran darni.

"Malam, gobe da hantsi, kamar kullum."

Bai ɗago ba. "Maƙwabci, bana ka yi mini uzuri. Idanu sun yi yawa."

"Shekara sha bakwai idanun suna ina?"

"Ka tahi dai. Ina da ɗiya mata da ba su yi aure ba."

Na koma gida kamar an mare ni a gaban aji. Na yi addu'a Ubangiji ya nuna mini hanya, amma gaskiya ban jira amsa ba. Da safe na ja ragon bayan ɗaki na yanka da kaina, da sunan Yesu. Matata ta dafa, ta zuba a kwanoni tara, ta tambaye ni me za a ce. Na ce a faɗa wa kowane gida yankan Malam Isufu ne. Gida shida suka karɓa. Har Hajiya ta ƙarshen layi, tsohuwar da ba ta taɓa sa abin shakka a bakinta ba, ta aiko da godiya.

Ga abin da ke cina. Ni da nake tsayawa a majami'a ina karanta wa mutane cewa a yi haƙuri da tsanani, a sāka mugunta da alheri, gwajin farko da ya zo mini bai fi girman wuƙa ba, na fāɗi. Na ciyar da mutane abin da da sun sani ba za su ci ba, na kuma jingina ƙaryar a wuyan mutumin da ya ce a bar shi. Duk da haka in na tuna yadda ya ƙi ɗago kai, sai zuciyata ta ce shi ya fara. Fasto ya ce in bi gida gida in faɗi gaskiya, Allah zai tsaya mini. Fasto ba a layinmu yake kwana ba.

In na faɗa, sun sami shaidar da mai wa'azi bai kawo ba: Kirista maƙaryaci ne. In na yi shiru, da wane baki zan roƙi jagora? 'Yan'uwa a cikin bangaskiya, da ku Musulmi masu adalci, me zan yi?

Abu ɗaya na manta. Wata biyu ke nan mutane suna yi wa Isufu sannu da aikin yanka, shi da ya san bai taɓa ragon ba. Yana amsawa da "yauwa".