Ramin Ƙusa a Allunan Firmin

Ƙofar ruwa, kusa da Clamecy, 9 ga Maris, 1953

Ƙanwata Armande,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da ƙafa. Kada ki damu da rashin zuwanki jana'iza, kowa ya san halin gwiwarki.

Kin ce in gaya miki yadda abin ya faru. Ranar Talata da hantsi jirgin ruwa mai dakon katako ya iso, ya yi oda sau uku, ba wanda ya buɗe masa ƙofar da ke tare ruwa don ya wuce. Na leƙa rumfar baya na tarar da yayanki a kujera gaban allonsa, kai a sunkuye. Na ce, "Firmin, kai dai da fentin nan naka sai ka sa an kore mu daga aiki." Har na juya zan fita, sai idona ya faɗa kan buroshin da ke hannunsa. Fentin ya daskare a gashinsa. Shekara talatin yana zane, ko gobara ake yi sai ya wanke buroshi kafin ya ajiye. A nan na gane. Na je na buɗe wa jirgin ƙofa tukuna, don mutumin bai daina oda ba, sannan na aika coci a kira Fada.

An kwantar da shi kusa da kabarin 'yarmu Odile. Yanzu ni ke juya ƙofar, kamar yadda nake yi duk ranar da bayansa ya riƙe.

Kin tuna Monsieur Ravelet, mai shagon zane-zane, wanda motarsa ta mutu a gadarmu bara? Ya kwashi allunan zanen Firmin ashirin da biyu, ranar ashirin ga wata zai baje su a Paris. Firmin har sabuwar hula ya saya don tafiyar. Ni ba zan iya barin ƙofa ba. In ƙafa ta bar ki, ki je ki gano mana.

Ki gaida maigidanki Lucien.

Taki,
Léonie

*

Paris, 22 ga Maris

Matar Yaya,

Gaisuwa da ƙarin haƙuri. Na je, ina ɗingishi, Lucien na riƙe da ni kamar buhun dankali. Ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

An sa wa allunan katako mai ruwan zinariya a gefe, har ba a gane murfin akwatunan sabulu ne. Mutane cike, kowa da kofi a hannu. Suna ce wa Yaya "naïf", wai wanda bai yi makarantar zane ba, yana gani da idon yara. Na ce wa Lucien, wannan mutumin da ya ƙi yi mini magana wata shida saboda rigimar tsani shi ne mai idon yara?

To ga maganar. Léonie, duk a kife suka rataye su. Ashirin da biyun nan, kai ƙasa. Ruwa a sama, tudu a ƙasa. Kin san Yaya ya fi ɓata lokaci a kan inuwar abu cikin ruwa, har ta fi abin kansa fitowa. Su kuwa sai suka ɗauka rabin da ya fi kyau shi ne sama. Shigata ke nan na ga Odile tsaye a bakin gaɓa da jar rigarta, kai a sama.

Wata mata mai gashin dabba a wuya tana ce wa mijinta, "Duba, masoyi, yarinyar ba ta da inuwa a ruwa." Wani mai gemu ya ce, "Ai nan daɗinsu yake, Madame. Mantawa ya yi, kuma mantuwar ta fi ilimi."

Na ce, "Malam, yayana bai taɓa manta ko maɓallin riga ba. Ku ne kuka kifa allon."

Ya ce, "Ke fa, Madame?"

Na ce, "Ni ce wadda ta wanke wa yarinyar wannan rigar."

Lucien ya ja ni waje, wai zan sa a kira 'yan sanda. Monsieur Ravelet ya biyo ni da ladabi, amma na ga bai yarda ba. Tsohuwa mai share bene irina ba ta koya wa mai shago aikinsa. Ke ki rubuta masa, ke ce mai haƙƙi.

Ki riƙa cin abinci, na san ki.

Ƙanwarki,
Armande

*

Ƙofar ruwa, 25 ga Maris

Monsieur Ravelet,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ka yi haƙuri da rubutuna, makarantata ba ta yi nisa ba.

An gaya mini allunan mijina a kife suke. Ba laifinka ba ne, bai sa suna a kansu ba. Amma in ka cire katakon da aka kewaye su da shi, za ka ga ramin ƙusa a kowanne. Inda ramin yake, nan ne sama. Shi ya huda su da hannunsa.

Yarinyar 'yarmu ce, Odile. Ta faɗa ƙofar ruwan nan ta rasu a 1922 tana da shekara shida, muna gida dukkanmu. Bayan wata uku Firmin ya fara zane da ragowar fentin jirage. Kullum da ruwa yake farawa, sai ya gama shi sannan ya yi sama. A cikin ruwa kaɗai yake sa ta. Bai manta komai ba.

Ina roƙonka ka juya su.

Da girmamawa,
Léonie Gauthé

*

Paris, 30 ga Maris

Madame,

Ina miƙa gaisuwa da ta'aziyya, tare da neman gafara.

Na sa an cire katakon a gabana. Ramukan suna inda kika ce, duk ashirin da biyu. Shekara ashirin da biyar ina wannan sana'a, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Sai dai ya kamata ki san halin da ake ciki kafin ki yanke. Jarida biyu sun riga sun yabi "yarinyar da ba ta da inuwa". Saboda ita mutane ke zuwa, kuma wani gidan ajiye zane-zane na lardi ya nuna yana son uku. In na juya su, za a yi mini dariya, wannan nawa ne kuma na cancanta. Abin da nake tsoro shi ne dariyar ta shafi sunan mijinki, a manta da shi kafin a san shi. In kuwa na bar su, ba wanda ya sani sai mu uku, ni da ke da ƙanwar mijinki.

Ban taɓa su ba tukuna. Abin da kika ce shi zan yi.

An kuma gaya mini akwai allo a rumfa wanda marigayin ya fara. In kin amince, ina so in haɗa da shi.

Mai girmama ki,
A. Ravelet

*

Ƙofar ruwa, 4 ga Afrilu

Ƙanwata Armande,

Ina gaishe ki, ya gwiwa?

Na sa miki takardar Monsieur Ravelet ki karanta. Mutumin kirki ne, ki daina zaginsa.

Zan gaya miki abin da na yi, kada ki gaya wa Lucien. Kin san allon nan na kicin da na hana Monsieur Ravelet ɗauka. Ranar Laraba na sauke shi, na jingina shi kan tebur a kife. Armande, na gan ta. Tsaye a kan ciyawa kusa da itacen tuffa, rigarta a bushe. Shekara talatin da ɗaya ban gan ta a tudu ba. Na zauna ina kallo har madara ta tafasa ta zube.

Kwana biyu na bar shi haka. Ina cin abinci tana tsaye gabana. Na ce a raina, to mene ne? A bar mutanen Paris da ita a tsaye, su ma su ji daɗi, sunan Firmin ya shiga gidan ajiya.

Jiya tsoho Gaspard mai jirgin gawayi ya shigo shan kofi. Ya dubi allon, ya karkata kai, ya ce, "Léonie, wa ya kifa miki gida? Ko kin fara taɓa kwalbar marigayi?"

Na ce, "Mutanen Paris sun ce haka ya fi kyau."

Ya ce, "Mutanen Paris ba su taɓa tsamo kowa daga ƙofar nan ba."

Shi ne ya riƙe wa Firmin igiya ranar da aka tsamo Odile. Na manta, shi bai manta ba.

Da ya tafi na mayar da allon kan ƙusarsa. Firmin yana da fenti, yana da hannu. Da ya so tsayar da ita a kan ciyawa, da ya tsayar da ita sau ɗari. Bai yi ba, don ba nan take ba. Ba zan sa shi ya yi ƙarya bayan ransa ba, ko da za a manta da shi.

Ki kai wa Monsieur ɗin wannan 'yar takarda da hannunki, ki tsaya sai kin ga an juya.

Taki,
Léonie

*

Monsieur,

Ina gaishe ka. Ka juya su duka, ramin ƙusa a sama. Duk wanda ya tambaya, ka ce sunanta Odile.

Na rumfa ba zan aiko ba. Ruwan kaɗai ya gama. A ciki akwai ita, akwai inuwarsa yana juya ƙofa, amma bai kai ga zana kansa a tudu ba. Rabin sama har yanzu farin katako ne, bai ma huda masa ramin ƙusa ba. Buroshin kuma ban wanke ba tukuna.

Léonie Gauthé