Igiyar Mashigar Malbaza

Gidan Kaso, Birnin Ƙonni

Zuwa ga ƙanwata Bilkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ga ta'aziyyar da ban samu na yi miki baki da baki ba. Allah ya jiƙan Alkasum, ya ba ki haƙuri, ya raya miki A'i. Ki gaida surukinki Baba Labbo, in har ya yarda a ambaci sunana a gabansa.

Ban san ta inda zan fara ba. Ni ne yayanki, ni ne kuma na tuƙo motar da igiyar ƙyallen maraba ta kwashe mijinki daga kanta a mashigar gari. Jandarma sun tafi da ni tun kafin a yi masa sutura, ko sallarsa ban samu ba. Abokina ne tun muna dukan ƙwallon tsumma a bayan lakwal, makarantarmu ta boko, lokacin ke ko yaye ki ba a yi ba.

An hana mu waya a nan. Tanimun, shugabanmu na 'yan goyon bayan ƙungiyar ƙwallo ta Guguwar Malbaza, shi ke kawo min abinci ranar kasuwa, shi zai riƙa kai miki takarda.

Alƙali ya ce laifina biyu ne: na ɗauki mutane a motar siminti, kuma rai ya salwanta a hannuna. Amma ya ce in uban mamaci ya zo da bakinsa ya ce ya yafe jinin ɗansa, za a sassauta, wataƙila ma a sallame ni. In bai zo ba, maganar shekaru ake yi. Ke ce a cikin gidan, Bilkisu. Ki duba min lokacin da zuciyarsa ta ɗan yi sanyi ki saka min baki.

Rabin mutanen ɗakinmu 'yan Ƙonni ne, masu goyon bayan Matasan Iyaka da muka doke a wasan ƙarshe. Wani mai wushirya ya ce min, “Kai, shofer, an ce kun hau rukuni na biyu, mi ya kawo ka rukuninmu?” Duk aka kwashe da dariya, har da ni. Da na tuna wanda ya fi kowa iya rama irin wannan tsokana, sai dariyar ta maƙale min.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Mahamudu

Malbaza

Yaya Mahamudu,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka. Na gode da ta'aziyya. A'i tana lafiya, sai dai tana ta tambayar ina ganga.

Ina cikin takaba, iyakata ƙofar zaure, don haka kar ka sa ran ganina. Na yi wa Baba maganarka bayan la'asar. Ya juya fuska ga bango har na tashi na ba shi wuri.

Ka ce in saka maka baki. Zan yi, domin uwa ɗaya ta haife mu. Amma ba zan ɓoye maka ba, ina jin haushinka. Me ya hana ka ce ya sauko ya zauna kusa da kai? Na san amsar, ba sai ka wahalar da biro ba. Tun wasan farko a kan rufin gaban mota ya zauna da gangarsa kuka ci, sai kuka ce wurinsa ke nan, in ya sauka sa'a ta sauka. Manya da ku, da gemu da iyali. Har riga ɗaya ya yi ta sawa ya hana ni wankewa.

Shekaranjiya 'yan kwamiti suka kawo kofin gidan nan, wai a ajiye shi a gaban Baba don girmamawa, tunda shi ya kafa ƙungiyar. Ya ce su fita da shi. Yanzu yana shagon Tanimun an lulluɓe shi da zane. Garin ma ya rasa yadda zai yi: yara suna ihun sunan Sharifu mai cin ƙwallo a lungu, in suka zo daidai ƙofarmu su yi tsit. Tun ina yarinya nake jin ana roƙon Allah ya nuna mana ranar da Guguwa za ta hau. To, ya nuna mana.

Allah ya kawo maka mafita.
Bilkisu

Gidan Kaso, Birnin Ƙonni

Bilkisu,

Sallama da gaisuwa. Haushinki yana kan hanya, ban musa ba.

Jiya aka sake kai ni buron alƙali. Tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa: wa ya ɗaura igiyar nan daga icen dogon yaro zuwa turken lantarki, ta gitta titi? Ya ce jandarma sun zagaye Malbaza kaf, kowa ya ce bai sani ba. Garin da in akuya ta yi atishawa a Sabon Gari sai an ji a bakin kamfanin siminti, wai ba wanda ya ga an kafa tsani da rana tsaka!

Ni ma na ce ban sani ba. Amma na sani, ke ma kin sani. Na hango Baba Labbo a gindin icen, da sandarsa da hular ƙungiya, tsanin yana jingine a bayansa. Shi ya sa a ɗaura, ni ke kwana a kan siminti ana cizona. Kuma shi ake jira ya yafe min. Matata ta kwashe yara ta koma gidansu, mai motar ya ba wani makullin. Ina ganin girman Baba Labbo, wallahi, shi ya saya mana ƙwallon fata na farko da muka taɓa bugawa. Amma alƙali ya ce zai sake tambayata, kuma ban yi miki alkawarin bakina zai ci gaba da rufuwa ba.

Mahamudu

Malbaza

Yaya,

Wa alaikumus salam. Don Allah, don darajar iyayenmu, ka ƙara haƙuri.

Na sani. Ni na ɗinka ƙyallen da kekena. Da Tanimun ya bugo waya daga Illela, inda aka buga wasan ƙarshe, ya ce an ci, Baba ya tashi da ciwon ƙafar nan da ya hana shi binku, ya ce sai an yi muku maraba irin ta 'yan Makka. Igiyar farko siririya ce, iska ta tsinke ta, sai ya sa aka ciro ta rijiya. Har ya sa aka tsai da wata motar siminti ta wuce a ƙarƙashi don a gwada tsawo. Ta wuce lafiya lau. Motar ya auna, bai auna mutum a kanta ba, alhali ya fi kowa sanin inda ɗansa ke zama.

Kana ganin ƙeta ce ta hana shi zuwa. Ni da nake kai masa fura ina dawowa da ita yadda na kai, ina ganin wani abu daban. In ya buɗe baki ya ce ya yafe maka, laifin ba shi da sauran inda zai zauna sai kansa. Ya rame, Yaya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Magana ɗaya ce ke sa shi ya ɗago kai. Duk wanda ya zo gaisuwa cikin waɗanda suka je Illela, sai ya ce ya ba shi labarin wasan. Su kuma su yi ta zuba, wane ya yanke wane, wane ya buga da kai, suna kaiwa busar ƙarshe su yi addu'a su nemi takalmansu. Yau da hantsi ya kira ni ya ce, “Ɗiyata, duk labarin 'yan wasa suka ba ni. Rubuta ma wanki. Shi na kusa da shi ran nan. Shi hwaɗa min yadda yaron nan yak kaɗa ganga.”

Wannan ne karo na farko da ya ambace ka. Ka rubuto, ni zan karanta masa.

Ƙanwarka, Bilkisu

Gidan Kaso, Birnin Ƙonni

Zuwa ga Baba Labbo, ta bakin Bilkisu,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaisuwa da girmamawa, ina yi maka ta'aziyya. Ka ce in ba ka labari, ga shi yadda idona ya gani.

Mun iso Illela rana tana dukan ƙeya. Filin babu inuwa ko ta tafin hannu, sai layin farar ƙasa da igiyar da aka kewaye 'yan kallo. 'Yan Ƙonni sun zo da kabu-kabu ba iyaka, da tutoci da kakaki na roba, suna ce mana masu ƙurar siminti. Alkasum ya ce musu, “To, da ita za mu yaɓe muku baki.” Ya zauna a kan wata tsohuwar taya bayan ragarmu, ya ɗaure ganga, ya tofa yawu a hannu.

Ba a jima ba suka jefa mana ɗaya. Yaranmu suka rikice, ƙwallo ya zama musu kamar garwashi, kowa na neman rabuwa da shi. Aka tafi hutu jikinmu a mace. Tanimun har ya fara lissafin baɗi. Na ce da Alkasum ya huta ya sha ruwa, ya harare ni.

Da aka dawo sai ya bar kiɗan da muka saba. Ya koma kiɗan gayya, Baba, irin wanda ake yi wa samari a gona in kunya ta yi tsawo, rana ta yi zafi. Ya riƙa kiran yaran ɗaya bayan ɗaya da sunan uba da na kaka da sunan gonarsu. “Sharihu, kakanka bai taɓa aje hauya ba sai ya kai gaci, kai mi kake jira?” Mutanen Illela da ba ruwansu da mu suka taso suka zagaye mu suna tafi. Na ga Sharifu ya waiwayo ya dube shi. Bai daɗe ba ya tsinke ta gefen hagu, ya bar mutum biyu a ƙasa, ya narka ta a raga. Ban san lokacin da na rungumi wani jandarma ba.

Aka tashi ɗaya da ɗaya, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida. Nan ya yi abin da ban taɓa gani ba. In ɗan Ƙonni zai buga, sai ya ɗauke hannu cak, fili ya yi shiru har kana jin numfashin mai bugun. Na ƙarshensu ya zo yana kallon ƙasa, Usman mai tsaron gidanmu ya faɗa dama ya cafke. Shi ke nan. Mutane suka ɓarke cikin fili, shi kuwa ya zauna a kan tayarsa yana kuka, yatsunsa sun fashe, jini a fatar gangar. Ya ce min, “Mahamudu, tsohon nan ya ga abinshi da ranshi.” Kai yake nufi.

A hanya bai ajiye makaɗi ba. Duk ƙauyen da muka ratsa sai mata sun fito da guɗa.

Bilkisu, daga nan ke nake yi wa magana. A nan kowa ke tsayawa. In kin ga dama ki naɗe takardar ki ce ta ƙare. Amma ni kaɗai na ji abin da ya biyo baya, domin kaina yana ƙarƙashin ƙafafunsa, kuma nauyinsa ya ishe ni.

Mun doso gari rana ta yi ja. Na hango ƙyallen, na duba tsawonsa, na ga zan wuce, kuma da Alkasum yana zaune ya ɗan sunkuya da ya wuce. Ina oda, na baya suna waƙa, ban rage gudu yadda ya kamata ba, wannan nawa ne har gaban Allah. Sai na ji rufin motar ya lotsa a kaina, alamar ya miƙe tsaye. Ya hango mahaifinsa a gindin ice, shi yake kallo, ba igiya ba. Na ji muryarsa ta taga, da dukan ƙarfinsa: “Baba! Baba, mun kawo maka!” Ya ƙara wa gangar duka biyu. Daga nan ban sake jin ta ba.

Ban rubuta wannan don in ƙona ran kowa ba. Ya tafi yana murna, yana kiran ubansa, kuma ina ganin uba yana da haƙƙin ya sani. Maganar alƙali kuma na yanke: ko sau nawa ya tambaye ni, ban san wanda ya ɗaura igiya ba.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta mana baki ɗaya.
Ɗanka, Mahamudu

Malbaza

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na kai inda ka ce in tsaya, na tsaya. Ya ce, “Da saura. Na ga baƙi a bayan takarda.” Sai na karanta masa duka.

Can ya ce, “Ashe ni yak kira. Na ga bakinai na motsi, oda ta hana ni ji.” Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza, har maƙwabta suka shigo.

Ya sa an ciro masa babbar riga, ya aika Tanimun ya nemo motar da za ta kai shi Ƙonni ranar Litinin. Na ce, “Baba, za ka ce ka yafe?” Ya ce, “Ni da wa zan yahe ma? Zan ce su saki ɗan mutane su riƙe mai igiya.” 'Yan kwamiti sun cika zaure suna ba shi baki, ya ƙi sauraron kowa. Tanimun ya ce in ya faɗi haka a gaban alƙali, babu tabbas zai dawo gida ran nan, kuma ka san jikin nan nasa ba zai ɗauki kwanan kaso ba.

Ka shirya kayanka. Ban san wanda zan yi wa girki daren Litinin ba, kai ko shi.

Bilkisu