Burukutun Zuwan Surukai

Litinin, 7 ga Oktoba
Tukunya ta biyu ta lalace. Ƙullun ba zaƙi, ba tsami, sai wani salam-salam mai maƙaƙi. Ranar 26 dangin yaron da ke neman jikata Abby za su zo nan Upper Marlboro, Amurka, gaisuwa. Na faɗa a coci, gaban abokin hamayyata Choji, cewa burukutun hannuna za su sha. Tun a Jos Choji ke jiran ranar kunyata.

Laraba, 9 ga Oktoba
Joel, mijin 'yata Selina, ya tsoma wani abu kamar biro a ƙulluna. Wai fi-ec, wato ma'aunin tsami, ya kai shida da rabi, alhali biyar da ɗan ɗori ake so. Wai shi ya hana tsiron dawar sakin zaƙi. Na ce matata ta tsufa tana dafa giya, ba ta taɓa tambayar biro ba. Ya ce, "Baba, ruwan ne nake zargi." Yaron da kayan giyarsa a kwali suke zuwa!

Lahadi, 13 ga Oktoba
Choji ya ce in ta gagara zai kawo katan na giyar kwalba. Yana dariya. Ko a gaisuwar zaman lafiya ta coci ban ba shi hannu ba.

Talata, 15 ga Oktoba
Na zagi dawar Amurka. Na canza muciya, na wanke tukunya har hannuna ya yi fari. Ta uku ma haka. Selina ko leƙo gareji ba ta yi, daga aikin asibiti sai barci. Ni a gidan nan kujera ce kawai. Tsiron da ya rage na tukunya ɗaya ne.

Laraba, 16 ga Oktoba
Joel ya ga ina cika bokiti a ƙaramin famfon kicin. Ya tsaya. To ba ruwan famfon nan ne mai tsabta ba? Surukai zan ba ruwan wankin mota? Ya auna, lambar ta haura takwas. Sai ya sunkuyar da kai. Wai Selina ce ta sa aka ɗaura wata na'ura a ƙarƙashi mai kashe tsamin ruwa, saboda ƙwannafina, tun da na ƙi shan magani. Ta hana shi faɗa min.
A ɓoye ake min magani kamar akuya. Tukunya uku!

Alhamis, 17 ga Oktoba
Ban yi wa Selina magana ba. Ita ma.

Laraba, 23 ga Oktoba
Yau ruwan famfon waje na wankin mota na ɗiba. Joel ya ɗiga wani ruwan tsami, na kau da kai. Biyar da ɗigo huɗu. Na lasa, akwai zaƙi. Tsiron ne ya ƙara kwana, shi ke nan.

Juma'a, 25 ga Oktoba
Tukunya tana tashi, kumfa har baki. Gobe Choji ya zo ya sha.
Ƙoƙon farko ni nake shanyewa, ban taɓa ba kowa ba. Yau na rufe shi da faranti, na ajiye a inda Selina ke jefa makullin mota. Ba ta ma shan giya. Da na dawo ya ragu kaɗan.