Ni Na Riƙe Kyamarar

Yayata abar ƙauna,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Baban Yara da 'yan rigimarki guda uku. Ya ciwon bayan nan? Na san ba za ki daina zama a kan keken ɗinki tun safe har yamma ba, amma don Allah ki riƙa miƙewa kina ɗan taka ƙafa.

Na haɗo takardar nan da kwalin da direba zai kawo miki, don in a waya ne za ki katse ni da tambayar ko na ci abinci tun ban kai rabi ba. Yaya, aiki ya samu. Na huta da hoton katin shaida da na 'yan makaranta masu rufe ido daidai lokacin da na danna. Wani mutum ne ake kira Dokta Riba, mai koya wa mutane zuba jari ta waya, ya ɗauke ni aikin bidiyo na kwana uku. Na ɗauke shi yana fitowa daga wata baƙar mota, na ɗauke shi a wani falo mai fitilu rututu yana bayani a gaban allo. Ya ce bai taɓa ganin hannun da ba ya rawa irin nawa ba. Ya biya ni nan take, ba jeka-ka-dawo.

Na turo miki bidiyon a waya. Ki duba daidai inda yake tura ƙofar gilashi, za ki ga inuwata riƙe da kyamara. Ki nuna wa matan da ke zama a shagonki, su ga Autan da kika riƙe tun rasuwar Inna, kika saya masa kyamara da kuɗin ɗinki, bai zama ɗan zaman kashe wando ba.

Takalman na yara ne. Kujerar mai taushi taki ce, kada in ji kin ba baƙi.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida mutan gida. Allah ya sa ƙafar ƙaramin ta warke. Na kira ki sau huɗu a makon nan ban same ki ba, na ce ko aiki ne ya yi yawa.

Akwai maganar da ya kamata in faɗa miki tun wata biyu da suka wuce. Bidiyon nan da na turo, don Allah ki goge shi. Duk matar da ta tambaye ki Dokta Riba, ki ce ta yi nesa da shi.

Motar nan ta haya ce. Mai ita yana tsaye a bayana yana duba agogo, sau biyu ma ya ce kada Dokta ya jingina da ƙofar. Falon ma na awa uku aka kama. Damman kuɗin da ya zube a kan tebur, takardar sama da ta ƙasa ce kawai kuɗi, tsakiyar farar takarda ce, da hannuna na juya su don kada gefen ya fito. Matan nan biyu da suka rantse sun ninka jarinsu cikin kwana goma, su ma haya ce, a bakin ƙofa aka biya su. Ɗayar ta manta adadin da aka ce ta faɗa, sai da muka maimaita sau biyar, muna ta dariya. Na gaya wa kaina talla ce, kowa ya san talla da ƙari. Gaskiyar ita ce ban so in yi tunani ba, don na ƙagu in turo miki abin da za ki yi alfahari da shi.

Jiya mai gyaran waya na ƙasan benenmu ya kira ni, ya nuna min allon wayarsa, ashe shi ma ya zuba kuɗi wajen Dokta. Lambobi sai hawa suke, amma da ya zo cirewa aka ce sai ya fara biyan kuɗin buɗe asusu. Ya biya, aka ce saura haraji. Da ya yi tambaya a zauren waya da Dokta ya buɗe musu, aka goge maganarsa, aka fitar da shi. Na zauna na sake sauraron abin da na ɗauka da kunnen mai saye. Bai ambaci asara ko sau ɗaya ba. Bai faɗi abin da ake saye ko ake sayarwa da kuɗin ba. Sai dai a yi sauri gurbi ya kusa cika, kuma duk wanda ya kawo mutum yana da kaso. Na nemi sunan kamfanin a wajen hukumar da ke ba irinsu lasisi, babu shi. Lambar Dokta kuwa a kashe.

Ke ba na jin ki. Ko zare za ki saya sai kin ja shi kin ga ƙwarinsa. Matan shagon nake ji.

Ki kira ni in kin samu sarari.

Auta

Yayata,

Ban san da wane baki zan tambayi lafiyarki ba, amma ina tambaya. Baban Yara ya ce kwana biyu ba ki fito daga ɗaki ba.

Shi ya kira ni ranar Laraba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce takardata ta iso kwana tara bayan kin sayar da keken surfani da manyan kekuna biyu. Ya ce kin haɗa da abin da kike tarawa na hayar shago, kin tura wa Dokta duka. Ya ce ya yi miki magana, ya ce a tsaya a bincika, kika nuna masa inuwar nan ta jikin gilashi kika ce, "Auta yana ciki. Da akwai cuta da ya faɗa min."

Yaya, tun da na ji maganar nan ban iya ɗaga kyamara ba.

Me ya sa ba ki tambaye ni ba? Na yi wa Baban Yara wannan tambayar, ya ce cewa kika yi kada in ga kamar kina zargin maigidana, ki ɓata min aiki. Ya ce da suka turo miki 'yar ribar farko, wadda yanzu na san da ita suke jawo mutum ya zuba mai yawa, jakar kyamara kika saya min, kika ɓoye ta a kan sif sai na zo. Ya kuma faɗa min matan da suka bi ki suka zuba nasu: mai kitso, da matar mai shayi, da tsohuwar nan da ke kawo miki gyaran rigunan jikokinta. Ba su san Dokta ba, ke suka sani. Shekara goma sha bakwai ba ki taɓa rage wa mace ko taƙi ɗaya na yadinta ba, shi ya sa da kika ce abin kirki ne ba wadda ta nemi ƙarin bayani.

Na je na ba da rahoto, na miƙa duk abin da na ɗauka har da wuraren da na yanke, inda mai motar ya fito da inda farar takardar ta leƙo. Jami'in ya karɓa, ya ce kada in sa rai da yawa. Sannan na zauna a gaban kyamarar da fuskata, na faɗi yadda aka yi komai, na sa a intanet. Na Dokta ya zaga ko'ina cikin kwana biyu. Nawa mako guda ke nan, waɗanda suka kalla ba su cika aji biyu na makaranta ba, rabinsu kuma zagina suke, suna da gaskiya. Mace ɗaya ce ta rubuto ta ce tana kan hanyar tura kuɗi ta gani, ta fasa.

Ba na neman ki ce ba komai. Ki ɗaga wayar ki yi min faɗa irin na da.

Ƙaninki mai laifi,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji kin fara cin abinci, na gode wa Allah.

Zan faɗa miki abin da ko Baban Yara bai sani ba. Na zo ranar Talata. Daga tasha na wuce shago kai tsaye, na tarar an cire labulen, wani yana jera kwalayen fenti a inda teburin yankanki yake. Ƙusoshin da kike rataya almakashi suna nan a bango. Shi ya nuna min layin da kika koma.

Na hango ki a barandar shagon wani tela, a kan keken da ba naki ba, kina kafa maɓallai da kashe bakin zane. Ke da mata ke bin layi don ki yanka musu. Ina tsaye a bayan wata motar kaya sai ga tsohuwar nan ta taho. Na ce yau za a yi tonon silili a bainar jama'a. Ta tsaya a kanki. Kika tashi, kika durƙusa har ƙasa, kanki a sunkuye. Sai ta ciro wata 'yar riga daga leda ta miƙa miki, ta nuna miki inda ta yage, ta juya. Kika zauna da rigar a cinya, kika kasa zura zare a allura. Sau uku ina ganin kina gwadawa.

Ban iya ƙarasowa ba. Na koma tasha na hau motar da ta kawo ni.

Na sa kyamarar a kasuwa, an taya. Ba za ta sayi keken surfani ba, amma za ta sayi ƙarami mai kyau, naki na kanki. Na san za ki ce kada in sayar. Ki bari in ƙi jin maganarki sau ɗaya. Wani mai ɗakin hoto ya ce zai ɗauke ni in riƙa aiki da tasa.

Zan dawo ranar Asabar da safe. Wannan karon ba zan laɓe ba. Zan zo gidan, in tsaya a ƙofa in yi sallama, kuma ba zan tafi ba. Daga nan ki raka ni gidajen matan nan ɗaya bayan ɗaya, su ga fuskar wanda ya riƙe kyamarar, ki daina durƙusawa ke kaɗai.

Ki gaida min yara. Ki ce kawunsu na zuwa, amma hannu rabbana.

Naki har kullum,
Auta