Sakan Goma sha Bakwai

Litinin. Aikin farko: auna tashin kwamfuta.

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon bayan nan? Mu nan sai godiya, shagon buga takardu da kika bar mini yana nan yana tafiya.

Yaya, yau na ga abin da ya ɗaure mini kai. Mai hoto, maƙwabcinmu, shi ma manhajar Linux ya sa wa kwamfutarsa, irin wadda kika sa wa tamu. Ya ce mu gwada. Muka danna tare, na riƙe agogon waya. Tasa ta buɗe a sakan ashirin da biyu. Tamu minti uku da sakan tara. Sau uku na maimaita don ban yarda da idona ba. Ya ce kafin tsohuwarmu ta farka ya ɗauki hoton amarya ya wanke. Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Ya nuna mini umarnin da ke jero duk abin da ke tashi tare da kwamfutar, da lokacin da kowanne ke ci. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, in ban ɓata wani abu ba.

Ƙaninki, Auta.

Alhamis.

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Sakan goma sha bakwai! Na kashe abubuwa shida, bayan kowanne sai na sake kunna kwamfutar na rubuta sakamako. Biyar ɗin farko sakan talatin kawai suka rage. Na shidan, wani mai sunan da ban gane ba, shi kaɗai yake cin fiye da minti biyu. Na yi niyyar tambayarki, sai na ji kunya a ce shekara arba'in da ɗaya har yanzu komai sai Yaya. Mai hoto ya zo ya gani da idonsa, ya juya ya koma shagonsa.

Baba Hedimasta yana gaishe ki. Kullum da safe yana zuwa, yana faɗa ina bugawa, tunda idon ya ƙi. Tarihin rayuwarsa ya kai babi na tara. Ki gaida yara.

Auta.

Laraba, bayan mako shida.

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ni ban san yadda zan fara ba.

Shekaranjiya kwamfutar ta ƙi tashi. Mai gyara ya buɗe ta, ya ce babban faifan ajiyar ya mutu, tsufa ne, babu abin da za a ciro. Hankalina bai tashi ba, don na tuna kin ce akwai faifai na biyu da ke kwafe komai. Muka duba. Kwafin ƙarshe na ranar Alhamis ɗin nan ne da na rubuto miki ina murna. Abu na shida da na kashe, shi ne mai kwafewar. Minti biyun nan da nake jin haushi, aikinki ne yake yi mana kowace safiya. Na zauna a kan kujerar masu jira, har mai gyara ya tafi ban sani ba.

Takardun mutane akwai rubutunsu na hannu, zan sake bugawa. Na Baba ne babu ko layi ɗaya a takarda. Babi biyar sun tafi, har da na marigayiya matarsa Hajiya, wanda ya ɗauke mu kwana takwas saboda yakan tsaya ya share ido.

Jiya na ce masa babu wuta, alhali fanka tana juyawa a kansa. Yau na faɗa masa gaskiya duka, har da gasar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni, "Ɗana, sakan nawa ka samu?" Na faɗa masa. Ya jinjina kai ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya ce babi huɗu zai sake faɗa, amma na Hajiya ba zai iya sau biyu ba. "Kai kaɗai ka ji shi. Ka rubuta abin da ka riƙe, ka karanta mini, in gyara."

Yaya, ni da nake rubuta sakan-sakan a littafi, ban tabbata na riƙe launin mayafin da ya ce ta sa ranar da suka fara haɗuwa ba. Ina buga maganarsa ne, hankalina yana kan haruffa. Ki yi mini addu'a, kuma ki yafe mini.

Ƙaninki, Auta.

Na gobe:
Sayo sabon faifai.
Kiran Yaya ta nuna mini yadda ake mayar da na shida.
Sake buga takardun makarantar mata.
Babin Hajiya. Na rubuta layi huɗu. Baba zai zo ƙarfe tara.