Roba-roba da tabarmar Baba

Asabar, 3 ga Mayu, 2025
Na ɗauko babur roba-roba daga Gwaram, wajen Yahuza. Tsohon hannu ne, amma ya kawo ni Birnin Kudu lafiya. An gama tafiyar ƙasa zuwa ofis.

Litinin, 5 ga Mayu
Ashe in ya mutu da sanyin safiya ba ya tashi da kik, sai an tura. Yahuza bai faɗa ba. Kuma baban matata Hidaya kullum yana kan tabarma a bakin layinmu. Wa ya isa ya wuce surukinsa a kan babur? Na kashe, na sauka, na cire takalmi, na durƙusa. Daga nan sai turi har bakin titi, gumi sharkaf. Na tarar an ja jan layi a littafin sa hannu.

Alhamis, 8 ga Mayu
Jan layi na huɗu. Oga ya ce in aka ƙara, Fagam zai tura ni. Bakanike ya ce kayan gyaran sai daga Kano.

Litinin, 12 ga Mayu
Na wuce Baba a kan babur. Hannu kawai na ɗaga. Na sa hannu a kan lokaci, amma na wuni kamar na yi sata.

Talata, 13 ga Mayu
Hidaya ta ajiye min tuwo. Can ta ce, "Baba ya tambaya ko ƙafarka ce ke ciwo." To ya zan yi? Layin nan hanya ɗaya gare shi.

Laraba, 14 ga Mayu
Baba ba ya bakin layi. Sai na hango shi can gaba, ya mai da tabarmarsa kan tudu, daidai inda gangara ta fara. Na sauka, na durƙusa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ya ce, "Nan ya fi iska. Hau ka gangara, kar ka makara." Na gangara, na sa giya, babur ya tashi. Wurin ko inuwa babu.

Alhamis, 22 ga Mayu
Bakanike ya kira, kaya sun iso. Na ce sai wani makon. Yanzu bakwai saura nake fita, mu ɗan taɓa hira. Ba wani abu ba ne, kawai dai gangarar tana aiki.